Kafin Ka Sa Hannu: Yadda Ake Karanta Shaidar Bangaskiyar Makarantar Tauhidi ta Baptis

Idan ka gama digiri na uku a fannin tauhidi, ko kana dab da gamawa, kuma ranka yana kan koyarwa a wata makarantar tauhidi ta Baptis a Amurka, ka sani bayan an duba takardunka, an karanta rubuce-rubucenka, an zauna an saurari darasinka, akwai sauran takarda guda da za a ajiye a gabanka a ce ka sa hannu. Ita ce shaidar bangaskiyar makarantar. Ni fasto ne, ina kuma koyarwa, na daɗe ina zama da ƙannenmu masu shirin tafiya muna bin waɗannan takardu layi-layi. Abin da nake gaya musu a ɗakin karatuna shi zan gaya maka a nan. Ko ba ka da niyyar fita waje ma zai yi maka amfani, domin namu makarantun ma suna da abin da suke ɗaure malami da shi.

Ka fara da sanin wane gidan Baptis za ka shiga

Baptis ba su da bishop da ke yanke wa kowa hukunci, kowace ikilisiya ita ke riƙe da kanta, shi ya sa makarantunsu ma ba bakinsu ɗaya ba. Baptis na arewacin ƙasar Amurka sun taru a Indianapolis a 1922, aka kawo shawarar a ɗauki wata tsohuwar shaidar bangaskiya ta 1833 ta zama ta kowa, suka ƙi, suka ce Sabon Alkawari ya ishe su. Makarantun da suka fito daga wannan tsatso sukan sassauta wajen sa hannu. Akwai kuma makarantun da aka buɗe a shekarun 1990, irin su Truett da ke jami'ar Baylor a Teksas, waɗanda masu sassaucin ra'ayi suka kafa bayan rigimar da zan ambata a gaba.

Inda sa hannu ke da nauyi ƙwarai shi ne makarantu shida na babban taron Baptis na kudancin ƙasar Amurka (Southern Baptist Convention): Southern a Louisville, Southwestern a Fort Worth, ta New Orleans, Southeastern a Wake Forest, Midwestern a Kansas City, da Gateway a Kalifoniya. Su ne kuma muka fi dangantaka da su. Wannan taron ne ya aiko Thomas Jefferson Bowen ƙasar Yarbawa a 1850, makarantar tauhidi ta Ogbomoso ta faro a 1898, kuma daga 1948 ta ƙulla alaƙar digiri da ta Louisville. Malaman malamanmu da yawa can suka yi karatu. Saboda haka a kansu zan fi tsayawa.

Tattara takardun duka, ka duba shekara

Kada ka tsaya a kan ɗan taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko na makarantar a intanet. Nemi cikakkun takardun ka buga su a kan takarda. Dukan shidan suna ɗaure malamansu da wadda ake kira Baptist Faith and Message, mai sashe 18. Southern da Southeastern suna da ƙarin wata tsohuwa ta 1858 mai suna Abstract of Principles, mai sashe 20. Wasu makarantun sun ɗora bayanin Chicago na 1978 a kan rashin kuskuren Littafi Mai Tsarki, da na Danvers na 1987 a kan matsayin namiji da mace, da na Nashville na 2017 a kan aure da jinsi. Ka tambaya a rubuce: waɗanne zan sa wa hannu, waɗanne kuma ake auna ni da su ko da ban sa hannu ba?

Shekara tana da muhimmanci. Baptist Faith and Message kashi uku ce: ta 1925 da E. Y. Mullins ya jagoranta, ta 1963 da Herschel Hobbs ya jagoranta, sai ta 2000 da kwamitin Adrian Rogers ya kawo aka amince da ita a Orlando. A ɗakunan karatun fastocinmu za ka iya cin karo da ta 1963 wadda 'yan mishan suka bari. Ba ita za ka sa wa hannu ba. Ta 1963 ta ce ma'aunin fassara Littafi Mai Tsarki shi ne Yesu Almasihu. Ta 2000 ta cire wannan layin, ta sa cewa dukan Nassi shaida ne ga Almasihu, domin masu gyaran sun ga wasu malamai suna fakewa da tsohon layin su ajiye maganar Bulus ko ta Musa su ce ba ta dace da halin Yesu ba. Ta 2000 ce kuma ta ce aikin fasto na maza ne, ta riƙe sashen iyali da aka ƙara a 1998. A 2023 an sake taɓa sashe na shida aka haɗa fasto da dattijo da mai kula a matsayin muƙami ɗaya. Sabon bugu kake nema.

Abin da hannunka ke ɗauka

A 1856 wani saurayi ɗan shekara 29, James P. Boyce, ya yi jawabi a jami'ar Furman ya kawo shawara uku: a karɓi ɗalibin da Allah ya kira ko bai yi jami'a ba, a buɗe wa mai ƙwazo hanyar zurfafa ilimi, sannan kowane malami ya sa hannu a kan rubutacciyar bangaskiya. Basil Manly ƙarami ya tsara takardar, wato Abstract of Principles ta 1858, yana jingina da shaidar bangaskiyar Baptis ta Landan ta 1689. Da aka buɗe makarantar Southern a Greenville a 1859, kafin ta koma Louisville, malamai huɗu suka sa hannu: Boyce, Manly, John Broadus da William Williams. Dokar ta ce dole malami ya zama ɗan ikilisiyar Baptis, kuma karɓar aikin alkawari ne cewa zai koyar daidai da abin da takardar ta ƙunsa, ba zai kuma koyar da saɓaninsa ba. In ya kauce, ya ajiye aiki ko amintattun makaranta, wato kwamitin da ke riƙe da ita, su sauke shi.

Ka lura alkawarin fuska biyu gare shi. Kame baki kawai ba ya cika shi. Idan ka ce a ranka, “Ban yarda da sashen da ke maganar zaɓen da Allah ke yi wa masu ceto ba, amma zan tsallake shi a aji,” ka karya rabin farko tun ba ka fara ba.

Har yau a Louisville a bainar jama'a ake sa hannun, a sujadar buɗe zango, sabon malami ya hau gaba ɗalibai na kallo ya rubuta sunansa a jerin da ya faro daga waɗancan huɗun. Ba zan ɓoye maka abin da ke damuna game da jerin nan ba. Su huɗun duka sun mallaki bayi, makarantar da kanta ta fitar da rahoto a Disamba 2018 ta amsa haka. Mutanen da suka rubuta sashe mai kyau a kan 'yancin lamiri ba su ga laifin riƙe ɗan Afirka a matsayin dukiya ba. Wannan bai mai da koyarwar Triniti ko ta barata ta wurin bangaskiya ƙarya ba, kuma ni zan iya amincewa da su da zuciya ɗaya. Amma kai baƙar fata ne, kana da damar tambayar yadda makarantar ke koyar da wannan tarihi, kuma yadda aka amsa maka zai nuna maka irin zaman da za ka yi a can.

Yadda nake sa a karanta

Ɗauki biro ka zauna inda ba hayaniya. Karanta kowane sashe da murya, jimla ɗaya-ɗaya, ka buɗe ayoyin da aka jera a ƙarƙashinsa. Ta 2000 tana da su da yawa, mutane kuwa tsallake su suke yi. A gefen kowace jimla ka yi ɗaya daga cikin alama uku. Ta farko: na gaskata, zan iya wa'azinsa gobe. Ta biyu: na gaskata, amma da wata ma'ana da ban tabbata ita makarantar ke nufi ba. Ta uku: ban gaskata ba. Bayan 'yan kwanaki ka sake bi, sannan ka kai wa wanda ya san ka tun kana ɗalibi, wanda ba ya jin nauyin ce maka ƙarya kake yi wa kanka. In kana da iyali, ka zauna da matarka ku karanta tare, domin in abin ya lalace da ita za a kwashe kaya.

Alama ta uku ba ta da wuyar sha'ani: in ta fito a kan babban sashe, ka nemi wata makarantar. Ta biyun ce ke kai mutane ƙasa.

Crawford Toy misali ne. Ya yi karatu a Jamus, ya fara koyar da Tsohon Alkawari a Southern a 1869, ba wanda ke shakkar iliminsa ko halinsa. Sannu a hankali ya kai ga cewa marubutan Littafi Mai Tsarki suna iya kuskure a tarihi da kimiyya, saƙon ruhaniya ne kawai ba ya kuskure. Shi a ganinsa bai saɓa wa sashe na farko ba, tun da ya yarda Nassi hurarre ne. Amintattu ba su karanta sashen haka ba, suka karɓi murabus ɗinsa a watan Mayu 1879. Broadus ya ba da labarin rakiyar da suka yi masa zuwa tashar jirgin ƙasa: Boyce ya rungumi wuyansa da hannun hagu, ya ɗaga na dama, ya ce da zai yarda a yanke wannan hannun in dai Toy zai koma inda yake shekara biyar baya ya tsaya a can. Shekara ta zagayo Toy ya kama aiki a Harvard. Ba a rabu da ƙiyayya ba, amma an rabu. Haka aka yi da Ralph Elliott a Midwestern: littafinsa a kan Farawa ya fito a 1961 daga maɗaba'ar babban taron kanta, a 1962 aka sallame shi, rigimar ce ma ta jawo gyaran 1963. Don haka in fanninka Tsohon Alkawari ne, ka shirya amsa a fili: wa ya rubuta littattafai biyar na Musa, Adamu mutum ne na tarihi ko a'a, Ishaya mutum ɗaya ne, yaushe aka rubuta Daniyel. Abin da ka rubuta a kundin digirinka za a karanta shi.

Wuri na biyu da nake ganin namu suna tuntuɓe shi ne sashe na 5 da na 13 na takardar 1858, zaɓe da jimirin tsarkaka. Na 13 ya ce wanda Allah ya karɓa ba zai taɓa faɗuwa daga alheri ɗungum har abada ba. Mu kuwa da yawanmu mun tashi muna jin wa'azin farkawa cewa mai bi yana iya rasa cetonsa, har ya zauna mana a jini ko da muna zuwa majami'ar Baptis. Dale Moody, babban malami ne a Louisville shekaru da dama, ya tsaya a kan Ibraniyawa 6 ya ce mai bi yana iya ridda, a farkon shekarun 1980 wannan ya kawo ƙarshen koyarwarsa a can. Ka ɗauki Ibraniyawa 6:4-6 da Yohanna 10:28-29 ka rubuta shafi guda a kan yadda kake haɗa su. In shafin ya ƙi rubutuwa, ba ka shirya ba.

Baftisma kuma takan zo wa wasu ba zato. Takardun biyu duka sun ce nitsar da mai bi ne cikin ruwa, kuma ita ce ke gaba da zama ɗan ikilisiya da cin Jibin Ubangiji. Wanda aka yayyafa wa ruwa yana jariri a Anglikan ko Lutheran, daga baya ya koma Baptis ba a nitsar da shi ba, ya gyara wannan da fastonsa tun yana gida. Ka riƙe takardar baftismarka tare da fasfo.

Maganar harsuna ba ta cikin takardun, amma za a iya tambayarka. A 2006 amintattun Southwestern sun fitar da matsaya cewa ba za su ɗauki malamin da ke yaɗa addu'a cikin harsuna ba, hukumar mishan ta babban taron ma ta hana a 2005, ta janye hanin a 2015. In kana yi a ɗakinka, faɗi da bakinka kafin a ji daga wani.

Ke kuma ƙanwata, a nan gida kin ga mata fastoci a cikin Baptis, kin zauna aji ɗaya da maza. A waɗannan shidan mata suna koyarwa, amma ba kowane darasi ba, kuma iyakar tana bin shugaban da ke kan kujera. Sheri Klouda ta fara koyar da Ibraniyanci a Southwestern a 2002. Da aka sami sabon shugaba aka sanar da ita ba za a tabbatar da ita ba, ta bar wurin a 2006, ta kai ƙara, alƙali ya kori ƙarar a 2008 ya ce lamarin addini ne. Ki nemi a rubuta miki sunayen darussan da za ki koyar da waɗanda za su zauna a ajin.

Wa ke da fassara

Wannan shi ne abin da ba a rubuta a ko'ina ba, shi ne kuma ya fi komai tasiri. Ikilisiyoyi suna aika wakilai babban taro kowane watan Yuni. Wakilai su zaɓi shugaba, shugaba ya naɗa kwamiti, kwamitin ya fito da wani kwamitin, shi kuma ya kawo sunayen amintattun makarantu. Amintattu su ke ɗaukar shugaban makaranta, su ke zaɓen malamai. Masu tsauraran ra'ayi sun gane wannan sarƙa, suka ci zaɓen 1979 a Houston da Adrian Rogers, suka ci gaba da ci shekara bayan shekara har amintattu suka canza. Takardar 1858 ko wasali ba a taɓa mata ba, amma karatunta ya canza. Albert Mohler ya hau kujerar Southern a 1993, a 1994 wata malama a can, Molly Marshall, ta yi murabus bayan an sanar da ita za a tuhume ta da saɓa wa takardar, a shekarar kuma aka sauke Russell Dilday daga shugabancin Southwestern. A 1995 a Southern aka ƙi ɗaukar David Sherwood saboda ya yarda mace tana iya zama fasto, alhali a lokacin babu wannan a rubutacciyar shaida, shugabar tsangayar da ta kawo shi, Diana Garland, ta rasa kujerarta da ta fito ta yi magana. A ƙarshen 2020 shugabannin makarantun shida suka fitar da sanarwa cewa wani ra'ayin masana a kan wariyar launin fata bai dace da shaidar bangaskiyarsu ba, har wasu fastoci baƙaƙen fata suka fice daga taron.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ikilisiyoyin da ke tara baiko su ciyar da makaranta suna da haƙƙin sanin abin da ake koya wa fastocinsu na gobe, kuma malamin da ya sa hannu yana ɓoye wata ma'ana a ransa ya ci amanarsu. Amma makaranta ma tana da nata nauyin: abin da za ta kori mutum a kai, ta rubuta shi tun ran gini, tun ran zane. Boyce kansa ya ce da gangan suka bar abubuwan da Baptis suka rabu a kai ba su sa a takardar ba. Tun da ba kullum ake bin wannan ba, kai ne za ka tono. Karanta abin da shugaban makarantar ya rubuta a 'yan shekarun nan. Nemi malamin da ya bar wurin ka ji daga bakinsa. A zaman ganawa kuma, ɗauki jimlolin da ka yi wa alama ta biyu ka ce, “Ranka ya daɗe, ga yadda na fahimci wannan layi, haka makaranta ta fahimce shi?” Bayan zaman ka aika da wasiƙar imel ka maimaita abin da ka faɗa da abin da aka amsa maka, ka adana. Kada ka sa rai kotu za ta raba ku: tun hukuncin kotun ƙolin Amurka na 2012 a shari'ar Hosanna-Tabor ya ƙara tabbata cewa alƙali ba ya shiga tsakanin ƙungiyar addini da wanda ta ɗauka aikin koyar da addini.

Sauran sharuɗɗan ba su da sarƙaƙiya. Digiri na uku na bincike daga makarantar da aka amince da ita. Wanda zai koyar da wa'azi ko kiwon ikilisiya ana son ya taɓa riƙe ikilisiya. Za ka rubuta shaidar tubarka da kiranka, fastonka ya rubuto wasiƙa, ka cike doguwar takardar tambayoyi a kan koyarwa da zaman aurenka. Za ka zama ɗan wata ikilisiyar wannan taron a garin, ana ganinka ran Lahadi. Giya haramun ce a dokokinsu. Ka bambance malamin da shugaba ya naɗa na ɗan lokaci da wanda amintattu suka zaɓa, ka kuma tambayi tsawon kwantiragi, domin Southern ta soke kujerar dindindin tun 2014. Sashe na 12 na takardar 2000 ya yarda malami yana da 'yancin bincike, amma ya kafa masa iyaka uku: fifikon Almasihu, ikon Nassi, da manufar da aka kafa makarantar dominta. Ka tambayi ko ana son a ga littafinka kafin ya je maɗaba'a.

Mai karatu ra'ayinsa yakan motsa, wannan ba abin kunya ba ne. In bayan ka sa hannu ka ga wata jimla ta tashi daga alama ta farko ta koma ta uku, kada ɗalibai su riga shugaban tsangayarka ji. Je ka same shi, ka kai masa a rubuce inda ka tsaya da ayoyin da suka kai ka can, ka nemi lokaci ku yi nazari tare da abokan aiki. Kafin a gama wannan, ka ci gaba da koyar da abin da ka yi alkawari, ko ka roƙi a ba wani darasin. In an gama nazari kana nan a kan bakanka, rubuta takardar murabus da hannunka, ka daidaita da su a kan ranar da za ka tashi yadda ɗaliban da kake duba kundinsu za su sami wanda zai karɓe su, ka kuma tambayi ofishin ma'aikata kwana nawa bizarka da ta iyalinka za su ci gaba da aiki bayan albashi ya tsaya.